Motar Tsintsiya

Litinin, 8 ga Mayu
Kai, duniya ta ci gaba! A da in kana tausayin mara lafiya sai ka je ka gaishe shi. Yanzu sai ka cusa tumbinka cikin wando mai ɗame jiki, ka yi kwana biyu a kan keke, jama'a su ba da sadaka. Wai haka ake yaƙi da ciwon daji. Na tabbata ciwon yana can yana karkarwa.

Douwe mai kifi ne ya jawo ni, maƙwabcin rumfata a kasuwar garinmu Sneek. Bara aka yanke masa wani sashe na huhu. Ya ce, "Harmen, ko ba komai ka rage teɓa." Na yarda, don za a buga sunan rumfar cukuna a bayan riga. Talla kyauta.

Lahadi, 21 ga Mayu
Atisaye. Ƙa'idarsu: a jera layi, na gaba ya tare wa na baya iska, in ya gaji ya koma baya, mai bi masa ya karɓa. Ni kuwa da zarar an kusa zuwa kaina sai ƙishirwa ta taso. Bayan Douwe nake laɓewa. Ya rame, amma kafaɗun na nan kamar ƙofa.

"Ɓarawon inuwa," in ji shi.

Ya nuna min motar da za ta biyo ayari, da tsintsiya ɗaure a samanta. Ita ke kwashe waɗanda suka gaza. "An tura ni a gadon asibiti har na gaji," ya ce. "Wannan ba za ta ɗauke ni ba."

Juma'a, 9 ga Yuni
Ranar farko. Kowane ƙauye tafi, ayaba, burodi mai zabibi. Wata mata da ɗankwali, ba gashi a ƙasansa, maganin daji ya zubar da shi, ta miƙo min ruwa ta ce na gode. Ban san inda zan sa idona ba.

A masauki Sietske, matar Douwe, ta ja ni gefe. Hoton huhunsa da aka ɗauka a asibiti makon jiya ya nuna wani sabon tabo. Alhamis za su ji ko mene ne. Ya hana ta faɗa wa kowa.

Miyar ba gishiri. Ko bakina ne.

Asabar, 10 ga Yuni
Hanya a kan ganuwar da ta ratsa teku. Ruwa dama, ruwa hagu, iska ta gaba, ba ko itace ɗaya. Douwe ya fara ja baya. Ayari ya rage gudu, ya daka musu tsawa su tafi, suka tafi. Saura ni da shi, da motar tana rarrafe a bayanmu. Numfashinsa kamar ana zarto.

Direban ya leƙo: "Malam, akwai kujera fa."

Douwe ko waiwaye. Amma keken ya fara layi.

Sai na gan ni a gaba. Ban shirya ba, ƙafafun ne.

"Ka ɓata hanya ne, mai cuku? Wurinka baya."

"Ƙarnin kifinka ne ya ishe ni. Manne wa tayata ka rufe baki."

Ban san iska na da nauyi ba. Kamar tura rumfa a kan tudu. Ashe abin da yake ɗauke min ke nan, da guntun huhu. Ban juya ba, kunne kawai na kasa. Muddin ina jin zarton, yana nan.

Mu ne na ƙarshe. Masu bushe-bushen tarbarmu sun tafi shan giya. Douwe ya tsallake layin ƙarshe, ya zauna a bakin titi yana haki, ya dube ni.

"Ashe faɗin nan naka na da amfani."

Na ce gumi ne ya shiga idona.

Lahadi, 11 ga Yuni
A tsaye na ci abinci, aikin sirdin keke.

Laraba, 14 ga Yuni
Gobe asibitin birni. Sietske ba ta son tuƙi a babbar hanya, na ce zan kai su. In jira a waje, ko a ciki, yadda ya so.

Matata Aukje ta ajiye wuƙa. "Kai? Ka rufe rumfa ranar kasuwa? Ranar da na haihu ma sai da ka tashi kasuwa ka zo."

Sai murmushi take yi, ni kuwa ban ga abin murmushi ba. Cuku dai in ya kwana daraja yake ƙarawa. To asarar me na yi?