Rasuwar Sarkin Rijiya Malam Surajo Maiwada da Makomar Gidan Karnuka na Kademi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba da aron rai kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Ceton Dabbobi ta Gaya da Ajingi, a ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Hajiya Haulat Abdulmumin, tana sanar da iyayenmu masu unguwanni, da malamanmu masu daraja, da mahauta, da mafarauta, da manoma, da ɗaukacin jama'ar ƙananan hukumomin nan biyu, cewa ta sami labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya kafa ta, Malam Surajo Maiwada, Sarkin Rijiyar Kademi, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da takwas a duniya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An sallaci gawarsa bayan azahar a ƙofar gidansa, a bayan amininsa, Malam Saifuddeen, mai makarantar Islamiyya ta unguwar. Ya bar mai ɗakinsa, Malama Hansai, da 'ya'ya uku: Abdurra'uf, da Zulfa, da Halima Sadiya, sai jikoki.

Muna neman afuwar jama'a game da jinkirin wannan saƙo, domin ya kamata a ce ya fito tun ranar da aka yi rashin. Gaskiyar magana ita ce ba mu san abin da za mu rubuta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya matso ya rage murya ya tambaye mu, to dabbobin fa? Kowa ya san filin da muke ajiye su a bakin hanyar Kademi ba na ƙungiya ba ne, gonar marigayi ce, ita kaɗai ce kuma abin kirkin da ya bari, kuma daga lokacin da numfashinsa ya tsaya ta zama gadon iyalinsa. Mun zauna mun gwada rarraba dabbobin a tsakanin 'yan ƙungiya ko da za a ce mu tashi. Jakuna sun sami masu so, awaki ma haka, kyanwoyi an yi ta maneji. Da aka zo kan karnuka ashirin da uku, ciki har da makafi biyu da mai ƙafa uku, sai aka rasa mai ɗaukar ko ɗaya. Shi ya sa muka yi shiru, har sai da Allah ya kawo ranar addu'ar bakwai.

Kafin mu zo kan wannan rana, wajibi ne mu faɗa wa 'yan baya ko wane ne aka rasa. Marigayi Sarkin Rijiya ya gaji haƙar rijiya da yasarta daga mahaifinsa, ya kuma yi shekara arba'in da 'yan kai yana sauka cikin ƙasa da igiya a ƙugu, tun daga Gaya har ƙauyukan Ajingi. Kowa ya san yadda al'adarmu take a da, ba sai an ɓoye ba: idan akuya ko kyanwa ko kare ya faɗa rijiya, ba a cika gaggawar kiran kowa ba, sai a bari kukan ya ɗauke, ruwa ya fara wari, sannan a aika wa mai yasa ya zo ya fitar da mushe ya kwashe ruwan. Marigayi ya sha faɗa mana cewa abin da ya canza shi wata tunkiya ce a ƙauyen Balan, wadda ya tarar ta kwana biyu tana tsaye a kan wani ɗan tudu a ƙasan rijiya, ruwa iya wuyanta, mutanen gidan suna zaune a inuwa suna jira ta mutu don kada a yi kira biyu. Da ya fito da ita bai yi wa kowa faɗa ba. Sai ya bi kasuwanni yana shela da bakinsa cewa daga ranar, in da rai kyauta ne, in mushe ne a biya shi ninki biyu.

To, a nan ne Malam ya fi mu wayo. Wa'azin da aka daɗe ana yi bai shiga ba, wannan magana guda ta shiga. Mutumin da a da zai gama cin tuwonsa ya wanke hannu kafin ya leƙa rijiya, sai ga shi a kan babur ba hula yana neman gidan Sarkin Rijiya. Har da masu zuwa su rantse cewa yanzun nan suka ji kukanta, Malam ya sauka ya ɗauro akuyar da ta kumbura ta yi kamar ganga, ya dube su ya ce Allah ya ji ƙan kukan, ya naɗe igiyarsa ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Da muka yi masa ƙorafi cewa cutarsa ake yi, cewa ya yi mu ƙyale su, tunda dai sun koyi gudu. Bai taɓa tambayar dabbar waye ce ba kafin ya sauka, kuma bai taɓa sauka ba sai ya fara zura fitila a kunne ya ga ko iskar ƙasan za ta kashe ta. Wannan tsantseni ne ya sa mutumin da ya shiga rijiyoyin da ba su ƙirguwa ya rasu a kan shimfiɗarsa, iyalinsa na kewaye da shi suna laƙƙana masa kalmar shahada.

Ba kowace dabbar da ya fitar ce ake zuwa karɓa ba. Tunkiya tana da mai ita, amma kare da kyanwa da tsohon jakin da bayansa ya yi gyambo aka sake shi ya bi gari, waɗannan in an fito da su kowa juya baya yake yi. Haka marigayi ya fara kai su gonarsa, ya kafa musu turaku a gindin tsamiya, ya haƙa musu rijiyarsu da hannunsa ya yi mata murfi. 'Yan gari suka raɗa wa wurin Gidan Karnuka, ba kuwa da yabo suka raɗa ba. An daina ba shi hannu a wasu wuraren ɗaurin aure, an kuma yi ta raɗe-raɗin cewa ya sami taɓin hankali a ƙasan rijiya. Allah ya saka wa Malam Saifuddeen da alheri, shi ne ya fara tsayawa a gaban ɗalibansa da iyayensu ya karantar da abin da addini ya ce game da shayar da mai rai, har ya kawo ƙissar mutumin da aka gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa. Da aka kai wa marigayi labarin wannan karatu, dariya ya yi ya ce wancan bawan Allah ruwa ya ɗebo, shi kuwa karen yake ɗebowa ɗungurungum, yana fata a duba masa bambancin.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa, a hankali, yadda damina take jiƙa ƙasa. Mahautan Gaya suka ware bokiti guda na ƙashi da tarkacen fawa duk ranar kasuwa. Masu injin niƙa suka riƙa tara dusa, mata suka riƙa aiko da ƙanzo da ragowar tuwo, manoman Balan da na Ajingi suka mayar da shi al'ada cewa duk wanda ya ɗaure harawa bayan girbin wake sai ya ware dami ɗaya na gindin tsamiya. A kan wannan ne aka kafa ƙungiyarmu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A ƙarƙashin inuwar marigayi muka bi unguwa-unguwa muna roƙon a ɗaga bakin rijiyoyi a yi musu murfi, abin da ya tsare yara ƙanana kamar yadda ya tsare dabbobi. Shi ne kuma ya tsaya a gaban dattawa, shekarar da wani kare ya ciji mutane aka ce a zuba wa duk karnukan gari guba, ya roƙa a ba shi mako biyu, ya ɗauko malamin dabbobi, ya shawo kan mafarauta suka kawo nasu aka yi musu allurar riga-kafin haukan kare, shi kuma ya kama na kan titi ɗaya bayan ɗaya da buhu da haƙuri. Tun daga wannan shekara ba a sake maganar guba ba.

Wannan shi ne aikin da muka ji tsoron zai bi mai shi kabari. Marigayi bai bar wasiyya a rubuce ba. Ya taɓa faɗa wa Malam Saifuddeen cewa yana fata filin ya ɗore, amma Malam, cikin tsoron Allah, ya shaida wa iyali da mu baki ɗaya cewa fata ba wasiyya ba ce, haƙƙi na magada ne, kuma ba zai yarda a kunyata marayu da yawan jama'a ba. Ƙungiya ta amince da haka, ta kuma hana 'ya'yanta zuwa roƙo. Mun san akwai mai son sayen filin ya gina shaguna tunda a bakin hanya yake. Mun kuma san babban ɗan marigayi, Malam Abdurra'uf, wanda rabonsa ya fi na kowa, adaidaita sahun wani yake tuƙawa tsakanin Gaya da Wudil, yana zaune a gidan haya da iyalinsa, kuma da ya ce a raba a ba shi nasa babu mai ikon ganin laifinsa, a nan duniya ko gobe ƙiyama.

Ranar Lahadi, bayan an shafa addu'ar bakwai, Malama Hansai ta aiko daga cikin gida cewa shekara talatin tana raba tukunyarta da kyanwoyi, ba yau da take takaba za ta koyi rowa ba, ta bar nata rabon na filin. Malama Zulfa da Malama Halima Sadiya suka aiko cewa suna bayan mahaifiyarsu. Saura mutum ɗaya, Malam Abdurra'uf, wanda tun ranar jana'iza bai ce uffan ba game da filin. Har wasunmu sun fara neman takalmansu. Sannan ya durƙusa a gaban Malam Saifuddeen ya yi magana, kuma mun ga ya dace mu rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa: "Allah gafarta Malam, ni aka riƙa bi da haushi a hanyar makaranta ana ce mini ɗan Gidan Karnuka. Ni aka taɓa mayar wa da kayan gaisuwar aure saboda sunan nan. In na sayar da filin nan yau, ashe duk zagin nan a banza na sha shi. A rubuta, na bar wa Allah." Sharaɗi ɗaya ya gindaya, cewa kada a sake wa wurin suna don a gyara shi, a kafa allo a bakin hanya a rubuta Gidan Karnuka da manyan baƙaƙe, a sa sunan mahaifinsa a ƙasa. Kabbarar da aka yi a wurin sai da ta tayar da tantabarun maƙwabta. A nan take aka rubuta takardar waƙafi a gaban mai unguwa da shaidu, kowane magaji ya sa hannu.

Saboda haka, a madadin Shugaba Hajiya Haulat Abdulmumin da dattawan ƙungiya da dukkan 'ya'yanta maza da mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Malama Hansai, da ɗan'uwanmu Malam Abdurra'uf, da 'yan'uwanmu Malama Zulfa da Malama Halima Sadiya, da aminin marigayi Malam Saifuddeen, da dukkan masu sana'ar rijiya da suka rasa sarkinsu. Allah ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi, ya mayar musu da ninkin abin da suka bari dominsa, ya buɗa wa Malam Abdurra'uf ƙofar arziki ta inda bai yi zato ba. Allah ya ji ƙan Malam Surajo Maiwada, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi, ya sa duk ɗigon ruwan da wani mai rai zai sha a wannan fili har tashin duniya ya zama haske a gare shi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Iyali sun roƙe mu mu isar da cewa duk wanda bai sami zuwa gaisuwa ba kuma yake da niyya, kada ya wahalar da kansa da kawo musu hatsi ko goro, ya zo da dusa, ko harawa, ko tsohon buhun shimfiɗa, ko hannunsa biyu na aiki, ya wuce da su kai tsaye gindin tsamiya, su sun karɓi gaisuwarsa. Ga waɗanda kuma suke ta tambayar ranar da za a zo a kwashe dabbobin, muna sanar da su cikin godiya ga Allah cewa babu wannan rana. Ba za a kwance ko ɗaya daga turkensa ba.

Sa hannu:
Hafizu Isiyaku Kademi
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Ceton Dabbobi ta Gaya da Ajingi