Wasiƙun Sunniva Guda Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Tun ina yaro ake raɗe-raɗin wai Borghild, wadda ta yi shekara talatin tana aikin bishara a Madagaskar, ta taɓa ɗaure akwatinta a shekarar farko, ta gudu tashar jirgin ruwa ta zauna kwana uku ba ta iya ko addu'ar cin abinci. Ban taɓa yarda ba. Mu da muka girma ana karanta mana wasiƙunta a ɗakin addu'a, kowace da “Ubangiji ya yi abin al'ajabi”? Na ɗauka hassadar matan tsibirin nan ce.

Abin da ya tuno mini: wasiƙar jikata Sunniva ta iso yau daga can. Ni zan karanta wa jama'a ran Lahadi, kamar kullum. Shekara ashirin da shida ni ke karatun nan, don wai muryata tana kai wa bencin baya. Wasiƙa mai kyau. Yara suna waƙa, an gyara rufin asibiti, tana gode wa matan da suka saƙa huluna. Huluna, a ƙasar da rana ke gasa dutse. To.

Laraba, 5 ga Maris

Wata wasiƙar Sunniva ta shigo ta wayata. Ni kaɗai.

“Tsoho, zauna kafin ka karanta.” Na zauna.

Mako uku da suka wuce wata mata ta kawo jariri asibitin, ta miƙa mata shi, ta ce ta yi masa addu'a, tunda daga nesa Allah ya aiko ta. Ta yi. Ta ce ba ta taɓa roƙo irin wannan ba. Yaron ya cika a hannunta. Uwar ta karɓe shi, ta kuma yi mata godiya. Godiyar ce ta kasa haɗiyewa. Tun ranar, in an sunkuyar da kai don addu'a, ita ƙasa kawai take kallo.

Waccan wasiƙar, shugabansu ne ya ce kowa ya rubuta abin da zai ƙarfafa na gida.

“Kaka, kada ka karanta ta da sunana. In ka karanta, ba zan iya sake shiga ɗakin nan ba. Kuma kada Baba ya sani.”

Shekararta goma sha tara.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira sau huɗu. Ba ta shiga.

Juma'a, 7 ga Maris

Oddvar ya zo da kifi, yana ta walwala. Ɗana ne, uban Sunniva, amma tunda aka ba shi shugabancin ɗakin addu'a ko tari yake yi kamar wa'azi.

“Baba, ka ga wasiƙar jikarka? Na buga ta da manyan baƙaƙe saboda idonka.”

Na ce idona ya ga ubansa tun kafin a haife shi. Ya yi dariya. Wai har mutanen tsallake za su biyo jirgin fito na safe su ji. Wai yara biyu suna tunanin tafiya baɗi saboda ita.

Na buɗe baki, na cika shi da kofi.

In na karanta, na yi mata ƙarya da muryata. In na ƙi, zai tambaye ni dalili a gaban mutane, kuma Oddvar ba ya sakin tambaya. Gudrun, matata, da kina raye da kin san yadda ake yi. Ni kifi na sani.

Asabar, 8 ga Maris

Ruwa tun safe. Layi ɗaya daga gare ta: “Ina lafiya. Gobe ne ko?” Na rubuta amsa sau uku, na goge. Na tura “Gobe ne.”

Lahadi, 9 ga Maris

Ɗaki ya cika, ƙamshin waina da jiƙaƙƙun riguna. Har Borghild an turo ta a keke daga gidan tsofaffi, an lulluɓe ta da bargo.

Na miƙe da takardar a hannu. Na ninke ta na sa a aljihu. Na ce, “Sunniva tana gaishe ku. Aikin ya fi ƙarfin wasiƙa. Wani jariri ya rasu a asibitinsu. Ban san sunansa ba. Mu yi shiru saboda uwarsa.”

Shirun ya yi tsawo. Wani benci ya yi ƙara.

A bakin ƙofa Oddvar ya riƙe mini gwiwar hannu. “Baba, ina ka samo wannan?”

“Kira 'yarka. Kuma in ta ɗauka, kada ka jawo mata aya. Ka saurara.”

Ya yi fari fat. Bai zauna shan kofi ba.

Ina neman hulata sai aka ja mini hannun riga. “Torleiv, sunkuyo, ba zan yi ihu ba.” Na sunkuya.

Litinin, 10 ga Maris

Oddvar bai zo ba, amma matarsa ta ce sun yi awa guda a waya shi da Sunniva, shi kuwa kusan bai ce komai ba. Ko za ta dawo ko za ta ƙarasa watanninta, ba wanda ya sani. Na shanya bargon ƙaramin ɗaki, don danshi ne kawai.

Na aika wa Oddvar ya nemi wani mai karatu, makogwarona ya soma gajiya.

Zancen tashar jirgin nan, kwana biyar ne ashe, ba uku ba, kuma jirgin ne bai zo ba. Na fara ji a bakin mahaifiyata, na ji a bakin masunta, duk na ƙaryata. Wadda ta gaya mini na ƙarshe, jiya, tana riƙe da hannun rigata, ita ce Borghild.