Awon Ido

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kuje, yaya ƙafar Mama? Ina lafiya, sanyin ƙasar Turawan nan ne kawai ke ratsa ƙashi.

Ogana mai gona ya fara koya mini sake cika kwanson harsashi. Ranar farko na zuba albarushi a tafin hannu, yadda kake yi wa bindigarka ta farauta. Mutumin ya kurma ihu kamar na ɗauko maciji! Wai a nan da sikeli ake awo, ba da ido ba, kuma dole a sa tabarau na kare ido.

Na sha dariya, sai na tuna yadda ka rasa idonka na hagu. Ga tabarau nan na aiko maka. Don Allah ka riƙa sawa, da na daman nake so ka ga dawowata.

Ɗanka,
Dominic