Tsagar da Injiniya Ya Goge

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya, Baba da Umma suna gaishe ki.

Yaya, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na daina iya cin abinci idan yayanmu Injiniya yana zaune. Da ya sa hannu a kwano sai in janye nawa. Umma ta ce tsutsar ciki ce, har ta sayo mini magani, na sha don kada ta tambaye ni.

Tun da kamfanin fasa dutse ya matso bayan layinmu, bangon ɗakina ya tsage, wanda ya raba mu da Anti Mai Ɗinki. Tsagar ta buɗe har ina hango ƙafar keken ɗinkinta. In zarena ya ƙare, ta nan take miƙo mini wani, tana dariya wai ta samu taga ba ta biya kafinta ba. Amma gadon jaririnta a jikin bangon yake, don ɗakin ba wani wuri. Duk sanda aka tashi nakiya, sai ƙasa ta zubo wa yaron a zani.

Mutanen layi sun kai ƙara hukuma. Kamfanin kuma ya ɗauki Injiniya ya duba a kwamfuta ko girgizar nakiyar tana isowa gidajenmu. Da farko har daɗi na ji. Ya zaunar da ni kusa da shi ya nuna mini. Ya zana dutsen da ke ƙarƙashinmu, da wurin da yake da tauri, da wurin da ya ruɓe, da tsage-tsagen da suka auna. Sai ya danna, wani jan zobe ya fito yana faɗaɗa kamar an jefa tsakuwa a baho. Da zoben ya isa wata doguwar tsaga, sai ya shige ta ya miƙe kamar ruwa a kwata, bai tsaya ba sai ƙarƙashin layinmu. Wurin ya yi ja wur. Injiniya ya yi sauri ya rufe kwamfutar.

Washegari manajan kamfanin ya zo, ya baje a kujerar Baba yana sakace. Na kawo musu ruwa, ba wanda ya ce in fita, kin san ni ba a ma lura ina wuri. A gabana Injiniya ya bi tsage-tsagen nan na cikin kwamfutar yana gogewa, yana taunar cingam. Dutsen ya koma sumul kamar sabon sabulu. Ya sake dannawa, zoben ya fito a hankali, ya dushe tun kafin ya kai rabin hanya. Manajan ya buga masa kafaɗa, shi kuma ya yi wata dariya da ban taɓa jin ya yi ba, siririya, kamar ba tasa ba.

Da hannun nan yake cin abinci, Yaya.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin ƙaramin, haƙoran sun fito? Na ga amsarki. Kin ce wataƙila ban fahimta ba, in tambaye shi.

Na tambaye shi. Ya ce wai ni Shiru-shiru ma na fara bincike, lallai duniya ta zo ƙarshe. Sannan ya ce ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa ya gani da idonsa, duk abin da ke kwamfuta kintace ne, in ya sa tsaga kintace, in ya cire kintace. Ya ce in bai yi ba wani zai yi. Na so in ce to me ya sa ya rufe kwamfutar ranar da wurin ya yi ja, amma sai na tashi na koma ɗakina.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar. Anti Mai Ɗinki ta ɗinka masa riga kyauta, wai tunda ɗan layinmu ne ke dubawa ta san yaronta ya tsira. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce mata ta kwantar da hankalinta. Ita ya saka ya tafi ofishin manajan, ya fesa mata turare. Da ya dawo ya cire ya ba ni in wanke. Na ɗauke ta da yatsu biyu.

Jiya kuma ya kawo birkila ya cike tsagar ta ɓangarenmu, aka shafa fenti. Ta ɓangaren Anti ba a taɓa ba, tana nan a hangame a kan gadon yaron. Yanzu ba na jin kukansa sosai, kuma warin fentin ya hana ni sakat. Baba sai sa masa albarka yake, wai ya gyara wa ƙanwarsa ɗaki.

Masu bincike daga hukuma za su zo su kalli hoton kwamfutar, su duba gidaje. In sun yarda da shi, za a ba kamfanin izinin ƙara matsowa. Injiniya ya ce zai shigo da su ɗakina su ga bango lafiya lau, don a ce tsagar ɓangaren Anti rashin ingancin gini ne. Ya ce in an tambaye ni, in ce ba na jin komai. Wai kowa ya san ba na ƙarya, shi ya sa ya zaɓe ni.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, baƙin suna hanya.

Shekaranjiya aka tashi wata nakiyar, har ruwan kofina ya yi zobe-zobe irin na kwamfutarsa. Sabon simintin ya dare, daidai inda tsohuwar tsagar take, daga sama har ƙasa. Ɓawon fenti ya zubo mini a katifa. Na ji yaron ya tsandara kuka, na ji Anti tana salati tana kakkaɓe shi.

Injiniya ya shigo ya kalli bangon. Na zaci zai ji kunya. Sai ya je ya ciro babban labulen falo, ya buga ƙusa, ya rataye shi a kai. Ya ja baya ya duba ko ya rufe, ya gyara gefe ɗaya, ya ce kada in kuskura in taɓa. Haka ya yi wa dutsen, haka ya yi wa bangon, kuma na gane haka yake so ya yi mini.

Yaya, kin san ba zan iya buɗe baki a gaban baƙi ba. Ko gaisuwa sai Umma ta zungure ni. Na san kuma Injiniya zai daina kula ni, Baba ma wataƙila ya yi fushi, tunda aikin nan ne ya sa ake ganin girman gidanmu a layi. Na yi ta tunanin yadda yake goya ni zuwa makaranta in an yi ruwa, na yi kuka na share.

Yau da safe ya fita tarbo masu binciken. Na hau kujera na sauke labulen. Dama ya yi datti. Yana cikin bokiti yanzu, na jiƙa shi da sabulu mai yawa, na danne shi da dutse. Na share ɗakin, amma ban taɓa ɓawon fentin da ke ƙasan bangon ba. Anti ta leƙo ta tsagar ta ce taga ta dawo ke nan, na ce mata ta dawo.

Ga ƙarar motarsu a ƙofar gida. Zan zauna a bakin katifa, in bar ƙofata a buɗe.

Ki yafe mini in na jawo magana a gida.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta