Gimbiya Biyu a Aji Guda

Tajaye, ran Lahadi

Zuwa ga Mushe Abarshi, malamin kwaleji a Illela.

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ne Mato, kakan wata yarinya da ke ajinka. Ban yi boko ba. Muttaƙa tela ke rubuta mani, na kuwa hana shi gyara mani magana.

Shekara ashirin da shida ke nan ina jiran amsa daga mutanen lakwal, makarantar bokon nan taku. Ɗana Saminu ya ci jarrabawa, anka rubuta Sanusi a takarda. Sau bakwai na taka zuwa buro, ofishin masu jarrabawa, kullum sai a ce in komo gobe. Yaro ya gaji ya bar karatu. Daga baya ya bi 'yan cin-rani, yau shekara tara ko muryarsa ba mu ji ba.

To ga shi kun taso wa ɗiyarsa. Ta zo gida ran Jumma'a ido jawur, ta ce an ba ta sifiri har sau shida, alhali ita ke zuwa ta ɗaya. Ta ce kun aje alli da takarda kun raba masu allon gilashi. Tambaya ta fito, ga ja ga kore ga shuɗi ga rawaya, wanda ya riga taɓawa shi ya ci. A garinmu wanga abu caca sunansa. Amma ko a caca, wanda ya ci shi ke kwashewa. Wa ya kwashe rabon jikata?

Allah ya bar zumunci.
Mato

*

Illela, ran Talata

Baba Mato,

Na amsa sallamarka, Allah ya ƙara girma. Ba caca ba ce, Baba. Wasan tambayoyi ne ta intanet da muke auna karatu da shi. Kowane ɗalibi yana rubuta sunansa kafin a fara, na'ura ta tara maki, ni kuma in kwafa a rajista.

A rajista jikarka Hawa'u Saminu ce, kuma wannan suna bai taɓa fitowa a wasan ba. Abin da ke fitowa "Gimbiya" sau biyu, ɗaya a can sama, ɗaya kusa da ƙarshe. Ina da ɗaliba Gimbiya Abdulrazak, ɗiyar wani mai motoci a Birnin Konni, sunanta na yanka ke nan. Na ɗauka rezo, wato layin intanet, ke yankewa tana sake shiga, sai na riƙa ba ta makin sama. Yara tamanin da huɗu gare ni, ban bincika ba. Laifina ne, ba na musu.

Yanzu kowace a cikinsu ta ce ita ce ta sama, na'ura kuwa ba ta san fuska ba. Darakta ya yarda su sake wasan su biyu ran Laraba ta sama, kowa da sunanta na rajista. Ran Alhamis malamai za su zauna. In sifirin nan shida suka tsaya, za a kore ta.

Na tambaye ta dalilin da ya hana ta rubuta sunanta. Ta sunkuyar da kai ta ce in tambayi Kaka.

Naka cikin ladabi,
Abarshi

*

Tajaye, ran Alhamis

Mushe Abarshi,

Bayan gaisuwa. Muttaƙa ya karanta mani takardarka, da ya iso wurin sunan nan ya tsallake, don shi ya san gidan da yake zaune.

Wanga suna na tsohuwata ne. Ita ta haihe ni, ita ta yi sussukar da ta ciyar da ni. Da anka haihi yarinyar na mayar mata da shi, munka yi mata laƙabi Gimbiya, tun ran nan ba wanda ya kira ta da wani abu a gidana. Rajistarku littafi ne, ana ruhe shi. In malami ya kira suna da sahe, malami ne, na daure. Amma ta ce mani a wasanku ana haska suna jikin bango, yara suna bugun tebur suna ihu da shi, wanda ya faɗo ƙasa a yi masa ature. Sunan uwata a bakin 'ya'yan da ba su iya tsarki ba? Ni na sa ta ta rantse ba za ta sa shi ciki ba, kuma ban yi nadama ba.

Ku ba ta takarda da alƙalami, ku ba ɗiyar mai motoci, a gani. Haka anka auna ka kai ma, har ka zama malamin da ake ce wa Mushe.

Na gaishe ka.
Mato

*

Illela, ran Asabar

Baba,

Ina gaisuwa. Na kai wa darakta maganar takarda, ya ƙi. Uban ɗayar yarinyar ya zo da kansa, ya ce a wasa ɗiyarsa ta ci, a wasa za a karɓe mata.

Jiya na miƙa wa jikarka allo don ta gwada, ta aje hannuwanta kan cinya har aka tashi. Gwaggonta Basira, wadda take zaune wurinta, ta ce mani in aka kore ta akwai rumfar mai a bakin iyaka da ke neman yarinya mai lissafi. Ta ce har ta yi magana da mai rumfar.

Kai ka ɗaura rantsuwar, Baba, ba mai kwance ta sai kai. Laraba, ƙarfe takwas.

Abarshi

*

Tajaye, ran Lahadi

Mushe,

Sallama. Ran Talata na hau kabu-kabu da waɗanga gwiwoyi nawa na tahi Illela. Na ce wa yarinya ta rubuta sunan, kaffarar rantsuwa a wuyana. Na yi azumin kwana uku, jiya na kai na ƙarshe.

Ta ce ran Laraba ta rubuta shi. Ta ce ta ci tambaya takwas a jere, ɗayar tana can baya. A ta tara rezo ya tahi, allo ya yi baƙi, da ya komo babu suna babu maki. Ta ce kai kana tsaye ka gani da idonka, ka ce mata ta je gida za ka yi magana.

Alhamis ta wuce. Na aiko Muttaƙa ran Jumma'a, anka ce kana cikin taro. Yau da hantsi Basira ta zo ta ɗaure tufafin yarinyar a ɗankwali, ta ce mota na tashi zuwa Konni ran Talata, za ta kai ta rumfar mai. Na ce ba inda za ta, ta ce to in nuna mata takardar lakwal.

Muttaƙa ya tsaya yana kallona, na ce ya rubuta, ni na faɗa da bakina: Hawa'u. Hawa'u Saminu. Tana cikin ajinka ko kun kore ta?

Ka amsa mani kafin Talata. Layi guda ya isa.

Mato