Inna na ba matata kunun kanwa a gadon asibiti

Salamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kunyar kaina nake ji.

Ni manomin shinkafa ne a wajen Gummi. Matata ta haihu lafiya, ɗiya mace, ana cikin wankan jego sai ƙafafunta suka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara sai an jingina ta da bango. Muka kai ta asibiti aka ba mu gado, likita ya ce ciwon zuciya ne, ruwa ya taru mata har huhu. Aka fara yi mata allurar da ke sa fitsari don ruwan ya fita, ya kuma ja kunnena, ba gishiri, ba kanwa ko kaɗan.

Innata ke jinyarta, kuma tana son ta kamar ita ta haife ta. Da ta ga yawan fitsarin da take yi sai hankalinta ya tashi, wai za su tsotse yarinya nono ya ƙafe, mai jego ba kanwa ai kisa ne. Na ce likita ya hana, ta ce duk mu da kanwa ta yi jegonmu, ko na fi ta sanin jego ne? Tun ranar kullum ana dama kunun a gida, ni da kaina ke ɗauko filas ɗin a babur, Inna ta ba ta in likita ya wuce. Ita ko matata ba ta iya ce wa surukarta a'a.

Kumburin da ya fara sauka ya dawo. Jiya likita ya kira ni gefe, ya ce ya ƙara allurar amma jikin bai amsa ba, ko tana shan wani abu? Na dube shi na ce babu. Har albarka ya sa min, wai ba kowane miji ke tsayawa haka ba. Kai! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce gobe, wato yau ke nan, zai haɗa mata da wata ƙwaya mai ƙarfi, amma tana iya taɓa ƙoda, in ba a dace ba sai an tura mu babban asibitin Sakkwato.

Ke nan ƙaryata ce za ta sa a ba ta maganin da ƙila ba ta buƙata. In na faɗi gaskiya nas-nas za su wanke Inna tas gaban mutane, ta ce na tozarta ta saboda mace, kuma ina tsoron bakin uwa. In na daina kawo kunun, wani za ta aika.

Jama'a ya zan yi? In je wajen likita kafin a ba ta ƙwayar, ko in fara durƙusawa gaban Inna? Ɗazu matata ta kama hannuna tana haki, ta ce in Allah ya yi nashi ikon, in bai wa Inna riƙon jaririyar.