Na Ga Auta a Majigi

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya. Aikin ofis ɗin da nake gaya muku sharar gidan sinima ne, ki rufa min asiri.

Makon nan ana bikin finafinan duniya a wurinmu. Jiya ina bakin ƙofa da tsintsiya aka nuna guntun wani fim da ake nema wa tallafi, kan masu gyaran jirgin ruwa. Yaya, na ga ƙaninmu Auta a cikinsu. Ya rame, ya tara gemu, amma ga tabon ƙunar nan a wuyansa. Shekara tara muna yi masa addu'ar mamaci.

Na tare matar da ta shirya fim ɗin. Ta ce bara ta ɗauke shi, kuma ya ce mata ba shi da kowa. In ta samu tallafin za ta koma inda yake, ta yarda ta kai masa saƙo.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki dai turo min hotonta a kai masa, don ni na rasa abin da zan rubuta masa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki